Dashen Fata Ga Masu Albaras Da Sharaɗin Da Ke Gabansa

Albaras, wanda likitoci ke kira bitiligo, lalura ce da ke sa wasu sassan fata su yi fari fat saboda ƙwayoyin da ke samar da launi a wurin sun mutu, galibi sakamakon garkuwar jiki da ta juya ta far musu. Ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, amma duk da haka mai ita, musamman idan baƙin mutum ne, yakan sha kallo da ƙyama, har aure kan fasu a kanta. Wannan raɗaɗi ne ke sa mutane da yawa ɗora dukkan fatansu a kan tiyata.

Manufar dashe ita ce a ɗebo ƙwayoyin launi daga inda fatar mutum ke da lafiya, yawanci cinya ko ɗuwawu, a kai su inda suka ƙare. A shekarar 1964 likita Behl na Indiya ya bayyana yadda ake feƙe siririyar fata a shimfiɗa ta a kan farin wuri, daga baya kuma Rafael Falabella na Kolombiya ya yi fice da hanyoyi biyu. A ɗaya ana yanko 'yan guntaye masu faɗin milimita 1 zuwa 2 a dasa su a jere, kamar yadda ake dashen albasa, sai launi ya riƙa bazuwa daga kowane gurbi har su haɗe. A ɗayar kuma ana zuƙo fata da na'ura har ta yi bororo, a yanke rufin bororon a ɗora. Ta farko ta fi arha da sauƙi, sai dai takan bar wurin da gurji-gurji, abin da ke da wuyar karɓuwa a fuska.

Babban sauyi ya zo a 1992, lokacin da Gauthier da Surleve-Bazeille suka nuna a Faransa cewa za a iya jiƙa ɗan yankin fata a sinadarin tirifsin, wanda ke warware ƙwayoyi daga junansu, sannan a sanya ruwan da ke ɗauke da su a farin wurin; daga baya ne aka koma shafa ruwan a kan wurin bayan an kankare samansa. Ta haka ƙaramin yanki kan rufe wuri da ya ninka shi sau biyar zuwa goma, kuma launi kan fara bayyana cikin makonni, ya ci gaba da daidaita tsawon watanni, sau da yawa da taimakon hasken fitila na musamman da ake gasa fata da shi a asibiti.

Abin da ya kamata a tsaya a kai sosai shi ne cewa dashe ba ya taɓa tushen cutar. Idan garkuwar jiki tana nan tana kai hari, za ta cinye sababbin ƙwayoyin kamar yadda ta cinye na farko, kuma mai yiwuwa ne wurin da aka ɗebo fatar shi ma ya yi fari, domin a jikin wanda cutarsa ke motsi kowane rauni na iya zama sabon tabo. Saboda haka ƙa'idar da yawancin masana suka bi ita ce sai an shekara guda ba tare da wani tabo ya fito ko tsohon ya faɗaɗa ba, wasu likitoci ma kan fara gwada dashen 'yan guntaye kaɗan su jira sakamako. Nau'in da ke kama ɓangare ɗaya na jiki ya tsaya shi ya fi amsa aikin, yayin da kan yatsu, leɓe da gaɓoɓi suka fi taurin kai.

Akwai kuma batun da ya shafi baƙar fata kai tsaye, wato tabon da ke tasowa ya yi kauri ya wuce iyakar rauni, wanda ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka. Duk wanda huda kunne, tsaga ko kaciya ta taɓa bar masa irin wannan tabo, wajibi ne ya sanar da likitan fata tun a ganin farko, domin yawanci hakan kan hana a yi masa aikin, a koma ga man shafawa da hasken fitila.