Gadarif: garin riɗi da akawun da ba ya zuwa kasuwa

Gadarif tana gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartoum, a kan babbar hanyar da ta bi ta Kassala ta dangana da Port Sudan. Ƙasarta baƙar laka ce. Da damina in ta riƙe maka takalmi sai dai ka bar mata, da rani kuma ta tsage har hannu ya shiga. A wannan laka ake noma riɗi da dawar da garin ya yi suna da su, kuma tun shekarun 1940 ake noman da injina. Tsohon sunan wurin ma Suk Abu Sin ne, wato da kasuwa aka fara saninsa. Daga Oktoba zuwa Disamba, kasuwar amfanin gona ba ta barci: motoci shaƙe da buhuna, 'yan dako, dillalai, ana gwanjon riɗi a kan ƙindar, ma'aunin da ya kai kusan kilo 45.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a nan. Kakanninmu hanyar Makka ta kawo su a ƙafa, wasu kuma sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, daga baya zuriyarsu ta bazu har nan. Mun yi noma, mun yi dako, mun yi dillanci. Agashen da duk Sudan ke ci yau, sunansa ma ya isa ya gaya maka daga wane gida ya fito.

Amma wata sabuwar sana'a nake so in ba ku labarinta, wadda yaƙi ya kawo mana. Da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen Khartoum suka fara kwararowa. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, sai abin ya ninka, makarantu suka koma wurin kwana. Cikin masu zuwa akwai samari da 'yan mata masu digiri, ga ilimi, ga Larabci da Turanci, amma ofis ɗin da za su zauna babu shi. 'Yar ƙanena na cikinsu. Lissafin kuɗi ta karanta, ta dawo gida da jaka ɗaya da kwamfuta. Yau, daga ɗakin mahaifiyarta, 'yan kasuwa uku take yi wa aiki: ɗaya a Jidda, ɗaya a Dawanau ta Kano, sai ni. Ni dai akawun nesa nake ce mata.

Me take yi? Da safe ta tattaro farashin ƙindar daga dillalai ta WhatsApp, ta jera a tebur, ta tura wa kowa. Ta rubuta takardar ciniki da Larabci ko Turanci. Ta bi sawun mota tun daga sito har Port Sudan, ta kira direba in ya yi shiru. Da dare ta haɗa rasiɗan Bankak da abin da ke cikin littafi, ta ga ko sun dace. Ita ce kuma mai riƙe agogo: Kano na bayanmu da awa ɗaya, Jidda na gabanmu da awa ɗaya, Sin kuwa awa shida, don haka mai sayen riɗi na can in ka bari sai azahar, ya riga ya tashi daga ofis.

Wasu dattijai na yi wa abin kallon sabon salo. To ai tsohon aiki ne. A zango, mai masauki shi ke yi wa baƙo tafinta, ya san farashi, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa shaida. Shi yana da zaure, ita tana da waya. Jarin su biyun ɗaya ne: harshe da amana. Yaron da ya tashi a gidan Hausa a Gadarif, Hausa a gida, Larabci a titi, Turanci a makaranta, ya riga ya riƙe rabin jarin tun bai sani ba.

Kada in ɓoye muku wahalarsa. Wutar lantarki ba ta da tabbas, dole sai da ɗan faifan sola da batir. Layi ɗaya ba ya isa, sai ka riƙe biyu cikin Zain, Sudani da MTN. A Fabrairun 2024, da aka katse sadarwa a kusan duk ƙasar, Bankak ya tsaya, ciniki ya tsaya, mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane. Wanda ya tsira shi ne wanda ke da kwafin lissafinsa a takarda. Tun daga nan duk Alhamis take kwafe komai a littafi mai bango. Ga kuma fam ɗin Sudan da kullum yake zubewa, shi ya sa ladanta da riyal aka yanka, ko da da fam za a biya.

Ga mai son ɗaukar irin wannan akawu, abu biyu zan ce. Na farko, mai rubutu daban, mai biya daban. Lambar sirrin asusunka ta tsaya a wurinka, ko da ɗan cikinka ne akawun, don kare shi daga zargi kafin ma a zo ga kare kuɗinka. Kuma hoton rasiɗi ba kuɗi ba ne, na jabu sun yi yawa. Kada a saki buhu ko ɗaya sai an ga kuɗi sun sauka.

Na biyu kuwa da mu iyaye da kawunnai nake. Wallahi mun iya cewa "ai 'yar gida ce", mu sa yarinya aiki daga safe har dare, mu sallame ta da kuɗin kati. Wannan ba zumunci ba ne, cin gumi ne. A yanka mata lada tun farko, ko a wata ko a kan kowace mota, a rubuta, a biya kan lokaci. Wanda ke Jidda bai taɓa ganin fuskarta ba, amma ran ɗaya ga wata kuɗinta na shigowa. Abin kunya ne bare ya fi mu cika alkawari.

Tun da sojoji suka karɓe Madani da Khartoum a farkon 2025, wasu baƙin sun koma. Da yawa daga masu wannan sana'a ba su yi gaggawa ba, don abokan cinikinsu na cikin waya, riɗin kuma a nan yake. Idan kaka ta kama kana neman wanda zai tsaya maka a Gadarif, ka tambayi dillalinka ko a gidansu akwai yaro ko yarinya mai kwamfuta. Sau da yawa akwai.