Nguru Da Gashuwa: Inda Farfesun Akuya Ke Gogayya Da Kifi

Duk baƙon da ya doshi arewacin Jihar Yobe, da kifi ake yi masa kwaɗayi tun daga gida, domin a dab da Gashuwa ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, Nguru kuwa tana bakin tafki. Amma da zarar ya sauka a tasha da hantsi, ƙanshin da ke fara tarbarsa ba na tarwaɗa ba ne, na farfesun akuya ne da ke tafasa a rumfunan masu abinci.

Rumfunan ba su da wani ado. Galibi kwano ne a sama, zana a gefe, benci biyu ko uku, ga buta a bakin ƙofa. A can ƙurya babbar tukunya ce bisa murhu, wadda aka ɗora tun bayan sallar asuba. Direban da ya kwana a hanya, da dillalin kara, da malamin makaranta, duk benci guda suke zama, kuma abin da aka fi ji shi ne, "Hajiya, a ƙaro romo." Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya nemi tsoka da haƙarƙari, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya tsaya a kayan ciki, watau tumbi da hanji da huhu, ko kai da ƙafa, waɗanda masana abin suka fi so ma.

Aikin kai da ƙafa shi ne mai wahala. Sai an babbake gashin a wuta, an kankare, an wanke har ƙaurin ya fita, sa'an nan a dafa a hankali da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari da masoro da kimba, a kawo attaruhu da daddawa daga baya. Idan naman tsohuwar akuya ne ya ƙi laushi, sai a jefa masa 'yar kanwa, kuma kanwa ba baƙuwa ba ce a nan, gama ƙasar Manga da ke arewa da Nguru ta daɗe tana ba ƙasar Hausa kanwa da gishirin mangul. Gwanar mai girki taure take nema, ba bunsuru ba, don warin bunsuru ba ya jin magiyar yaji. Wanda ya yi gaggawa ya hura wuta da yawa, zai sami ruwa daban nama daban, kuma irin wannan sau ɗaya ake sayar wa mutum.

Ba yau Nguru ta fara harkar nama ba. Tun da layin dogo daga Kano ya iso garin a 1930 ya tsaya a nan, ta zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi daga Borno da Nijar, ta kuma yi suna da busasshen nama da ake lodawa a jirgi zuwa kudu. Fatake da leburorin tasha su ne suka fara raya irin waɗannan rumfuna. Jirgin ya daɗe da barin zirga-zirgar da aka san shi da ita, manyan motoci sun gaje shi, amma tukunyar ba ta sauka ba.

Daga Nguru a bi ta Jajimaji zuwa Gashuwa, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ce, kuma a hanya mai tafiya zai ga inda naman yake fitowa: awakin Sahel masu dogayen ƙafafu, yawancinsu farare ko masu roɗi-roɗi, suna miƙewa da ƙafar baya suna cin ganyen ƙaya. Sun bambanta da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda aka fi nema don fatarta. A Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, masu cin abinci sun ƙaru tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, kuma a nan za a iya haɗa romon da tuwon shinkafa ko burabusko, ko a tsoma biredi kawai.

To, me ya sa akuya take da wannan matsayi a ƙasar masunta? Amsar tana cikin kogin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamu kowace shekara ta ragu, lokacinta kuma ya rikice, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. An sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, amma takarda ba ta cika koma. Idan kamu ya yi ƙasa, ko gonar shinkafa ta nutse, akuyar da uwargida ke kiwo a bayan ɗaki ita ce ake ja zuwa kasuwa a sayo hatsi ko a biya kuɗin magani. Saboda haka idan aka ga nama ya yi araha ƙwarai a rumfa, ba lalle ne abin murna ba ne, sau da yawa alama ce ta cewa ƙauyuka suna sayar da ajiyarsu.

Wannan farfesu yana da ɗan'uwa a wata uwa duniya. A ƙasar Meziko, musamman a jihar Halisko da babban birninta Gwadalahara, akwai dahuwar akuya da suke kira biriya, wadda ƙananan gidajen abinci na unguwa suke sayarwa, kuma da safe aka fi cinta. Sukan jiƙa naman da niƙaƙƙen busasshen barkono da kayan ƙanshi, a da ma a rami suke turara shi, sa'an nan su kawo shi da romonsa da yankakkiyar albasa da lemun tsami da wainar masara. Abin sha'awa shi ne musayar da aka yi: babu akuya a Meziko sai da mutanen Sifen suka kai ta a ƙarni na 16, kamar yadda babu barkono ko tumatir a ƙasar Hausa da Borno sai da suka ƙetaro daga nahiyar Amurka. Kafin zuwansu, masoro da kimba da citta su ne ke riƙe da zafin miya, shi ya sa har yau tsofaffin masu girki a Nguru ba sa yarda attaruhu ya danne su.

Mai niyyar ɗanɗanawa ya zo da sanyin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a Dagona kusa da Gashuwa. Ya kuma yi sammako, domin kafin azahar ƙashi kaɗai ke saura a gindin tukunya.