Daren Da Laftof Ɗina Ta Ƙi Tashi

Wani abu ya same ni kwanakin baya, na ga ya kamata in ba ku labari, don da yawa daga cikinmu irin laftof ɗin da nake da ita muke riƙe da ita: ta hannu, wadda batirinta ya riga ya gaji.

Sana'ata albasa ce a kasuwar Mile 12 a nan Legas. Shekara huɗu ke nan da na daina rubuta lissafi a littafi, na mayar da komai cikin laftof: wanda ya ɗauki buhu bashi, kuɗin motar da ta ɗauko kaya daga Aliero, abin da nake bin mutane da abin da ake bi na. Akwai kuma wani abu a ciki da ya fi duk wannan, wato saƙonnin murya na mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, waɗanda na kwashe daga tsohuwar wayata kafin ta lalace. Babu su a ko'ina sai nan.

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kullum na kunna sai in ga saƙon cewa in koma Windows 11. Wani dare bayan sallar isha'i, ga wuta an kawo, na ce bari in rabu da wannan fitina, na danna. Ban kwafe komai ba, ban kuma tuna cewa batirina ba ya kai minti goma ba. Aiki ya yi nisa, laftof ta kashe kanta ta sake tashi sau biyu, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Kafin in tayar da janareta ta mutu.

Da na sake kunnawa, sai tambari ya fito, ɗigo-ɗigon nan su yi ta juyawa, ta mutu, ta sake tashi. Haka har ƙarfe ɗaya na dare. Uwargida ta leƙo ta ce, "Alhaji, ka kwanta mana, gobe ma rana ce." Na kwanta, amma ido biyu.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara. Bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ce a goge komai a sa sabuwar Windows, kafin azahar ta tashi. Na tambaye shi kayan da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. A nan Allah Ya taimake ni, na ɗauke kayata na ce zan dawo.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta shi ya zo da yamma. Abin da ya fara faɗa shi ya kwantar min da hankali: "Kawu, ƙofa ce ta lalace, kayan ɗaki suna nan." Ya yi min bayani cewa lokacin sabuntawa kwamfuta tana kwashe tsoffin fayilolin da take tashi da su tana jera sababbi. In wuta ta katse a tsakiya, sai ta zama ba tsohuwa ba sabuwa. Amma takarduna da hotuna galibi ba a taɓa su.

Da farko ya gwada hanya mai sauƙi. Ya kunna, da tambari ya fito sai ya danne maɓallin wuta har ta mutu. Da ya maimaita haka kamar sau uku, sai wani shuɗin shafi na gyara ya fito. Ya shiga Troubleshoot, sannan Advanced options, ya gwada Startup Repair, bai yi ba. Ya gwada Uninstall Updates don a koma tsohuwar, shi ma ya ƙi. Gabana ya sake faɗuwa.

Sai ya ciro filas daga aljihu mai ɗauke da Ubuntu, wata manhaja ta kyauta da ke iya tayar da kwamfuta daga filas ba tare da an girka ta ba. Ya danna F9 lokacin tashi, don tawa HP ce, ya ce a Dell da yawancin Lenovo F12 ne. Cikin 'yan mintuna sai ga fayilolina a jere. Kafin ya kwafe komai na ce ya buɗe min ɗaya. Muryar Inna ta fito tana tambaya ko yara sun warke daga mura. Na juya baya don kada yaron ya ga fuskata.

Bayan mun kwashe komai zuwa wani faifai na waje, sannan ya goge laftof ɗin ya sa Windows 11 daga wani filas mai gig 8. Abin da mai gyara ya so yi ke nan tun farko, sai dai shi ya so a rushe gida da kaya a ciki.

Yaron ya ce na yi sa'a faifaina ba a kulle yake da BitLocker ba. Da a kulle yake, sai da mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi ake samu a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Wanda ya sayi ta hannu ya bincika wannan tun yau.

Don haka 'yan uwa, kafin ku danna sabuntawa, ku kwafe abin da ba za ku iya jure rashinsa ba, a filas da kuma Google Drive. Ku duba da manhajar PC Health Check ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11. In batiri ya mutu, kada ku fara sai da janareta ko inbata. In kuma abin ya riga ya faru, kada ku yarda a goge sai kun ga kayanku a wani wuri da idonku.

Muryar Inna yanzu tana wuri uku. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu dace.