Littafin da Na Buɗe Bayan Harin 'Yargoje

A watan Yunin 2024, da 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje, garin da aka haifi kakata, edita ya aiko mini da umarni gajere: in rubuta labarin a matsayin faɗan Hausawa da Fulani. Na zauna gaban kwamfuta har dare ya raba, rubutu ya ƙi zuwa. Daga ƙarshe na zaro wani littafi da na saya tun ina jami'a, wanda ban taɓa wuce gabatarwarsa ba.

Na Yusufu Bala Usman ne, ɗan Musawa, haihuwar 1945. Ya yi digiri a Lankasta ta Ingila, ya koyar a Barewa, sannan ya shiga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a zamanin Abdullahi Smith. Littafinsa na 1981, wanda ya samo asali daga kundin digirinsa na uku, ya bi sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883. Yawancin ƙarnonin nan su ne masanan Turai ke kira farkon zamanin yau, kuma takardun da suke aiki da su a jibge suke a ma'adanai. Shi kuwa sai da ya bi garuruwa yana zama da tsofaffi, ya haɗa da rubuce-rubucen malamai. Bai ɗauki bakin tsoho a matsayin tatsuniya ba, bai kuma ɗauki rubutun Barth, matafiyin Jamus, a matsayin wahayi ba. Kowanne ya tambaye shi: wa ya faɗa, a ina ya ji, me yake nema?

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya ƙi yarda a fassara jihadin 1804 da sunayen ƙabilu. Ya dubi haraji, kasuwa, ƙaura, sarauta da malamai. A ganinsa, mai cewa "ƙabila" ya rufe tambayar tun kafin ya yi ta.

Ya rasu a Satumban 2005, ana ce masa Dokta har ƙarshe, kuma abokan gardamarsa ba kaɗan ba ne.

Da asuba na rubuta labarina. Na yi maganar burtali da ya zama gona, da kuɗin fansa, da dajin da ya haɗa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Editan ya bar jikin rubutun yadda yake, ya sa nasa kanun.