Amurka Ta Tsakiyar Buhu

Ku matso kusa, tunda yanzu mu ya mu ne. Kawu, tambayar da ka yi ɗazu, cewa wane gari mutum zai nufa in yana son ganin yadda Ba'amurke na gama-gari yake rayuwa, na ƙi amsa ta a gaban baƙi ne don amsata ba ta yi wa masoya Niyok daɗi. Ni dai jihar Ohio zan ce. In kuma aka matsa mini in kama sunan gari ɗaya, to Columbus.

Yaya, na ga ka ɗaga gira, ka bari in kai ƙarshe. Niyok birni ne da babu irinsa, kuma rashin irinsa ɗin ne ya cire shi daga lissafi. Fiye da rabin gidajen birnin ba su da mota. Jirgin ƙarƙashin ƙasa suke shiga, a benayen haya suke kwana. A ƙasar baki ɗaya kuwa, cikin gida goma, tara suna da mota, da yawa ma biyu. 'Yan uwanmu da ke unguwar Bronx, 'yan zangon Kumasi da Akara da mutanen Nijar, mutum zai yi shekaru a can yana cin tuwonsa, yana Juma'a a masallacin unguwa, bai taɓa shiga gidan da ake yanke ciyawar ƙofarsa ranar Asabar ba. Shi ma a Amurka yake, amma ba irin zaman da yawancin mutanen ƙasar ke yi ba ne. Los Anjalas kuwa, fim ya riga ya rina mana ita.

Su kansu Amurkawa sun daɗe suna yi wa juna wannan tambaya, kuma waɗanda suka fi ɗaukar ta da zafi 'yan kasuwa ne, don kuɗinsu ne a ciki. Kun san mai sayen hatsi ba ya yarda da na saman buhu, sai ya zura hannu can tsakiya ya damƙo. Haka suke yi. Tun zamanin masu wasan dandamali da ke yawo gari gari, ana cewa in wasa ya karɓu a Peoria, wani gari a jihar Illinois, to zai karɓu ko'ina. Maganar ta zauna har 'yan siyasa suka ara. Garin masu aikin masana'anta ne, nan kamfanin Caterpillar mai ƙera katafila ya yi hedikwata shekaru da dama kafin ya ɗauke ta. Daga baya kamfanonin abinci suka fi karkata ga Columbus. Sabon abin ci ko sabon salon shago, sai a fara gwada shi a can, in ya samu shiga a baza shi ƙasa. A garin ne ma Dave Thomas ya buɗe shagon Wendy's na farko a 1969.

Me ya sa Columbus? Babban birnin jiha ne, don haka akwai ma'aikatan gwamnati. Akwai Jami'ar Jihar Ohio, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, don haka akwai matasa daga ko'ina. Akwai kamfanonin inshora da bankuna, akwai masana'antar motocin Honda a Marysville nan kusa, kuma tafiyar rabin awa a mota ta isa ta kai ka cikin gonakin masara da waken soya. Mutanensa sun haura 900,000 a ƙidayar 2020, amma ba jirgin ƙasa na fasinja ko ɗaya da ke tsayawa a garin. In ba ka da mota, sai jiran bas. Baƙaƙen fata suna da yawa, sannan a Amurka bayan Minneapolis babu inda Somaliyawa suka taru kamar can, shi ya sa naman halal da masallaci ba sa wahalar samu. Ta fuskar siyasa ma, daga 1964 har 2016 duk wanda Ohio ta zaɓa shi ke zama shugaban ƙasa. Sai a 2020 abin ya karye, ta zaɓi Trump, Biden ya ci.

Amma ga abin da nake so ku riƙe, Kawu. Ko a Columbus ɗin, kada ka tsaya tsakiyar gari wurin dogayen benaye. Ka fita unguwannin bayan gari, inda kusan rabin Amurkawa ke cewa nan suke zaune. Wannan tsari ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da irin gidajen Levittown da aka fara ginawa a 1947, sannan dokar manyan hanyoyi ta 1956, zamanin Eisenhower, ta sa mutum zai iya kwana nesa da wurin aikinsa. Gida ne na katako, da gareji, da ciyawa a gaba, galibi ba katanga. Maigidan bashin banki ya ci ya saya, zai yi shekara 30 yana biya. Da sassafe bas mai ruwan ɗorawa ta zo ta kwashi yara, kuma kyan makarantar da za ta kai su ya dogara sosai da harajin gidajen unguwar, shi ya sa iyaye ke zaɓen unguwa saboda makaranta kafin su duba ɗakuna. Miji da mata kowa ya hau motarsa. Inshorar lafiyarsu yawanci a jikin aikin take, aiki ya tafi ta tafi, kuma wannan fargaba tana kwana da mutane fiye da yadda muke zato daga nan. Cefane sau ɗaya a mako, a Walmart ko Kroger, a cika bayan mota. Daren Juma'a na kaka, unguwa ta tattaru kallon ƙwallon Amurka na 'yan sakandare. Ranar Asabar kuma filin jami'a, mai cin mutum sama da 100,000, ya cika maƙil da jajayen riguna. Lahadi wasu coci, wasu barci.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan zama shi ne shirunsa. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu da fara'a ta gaskiya, dusar ƙanƙara ta rufe maka ƙofa zai taya ka kwashewa, amma ba a faɗo wa mutum gida sai an yi alkawari tun kwanaki. Tsofaffi da yawa su kaɗai suke zaune. Duk wanda zai tura ɗansa karatu can, ya yi masa wannan bayani tun a gida, don kaɗaicin ya fi sanyin cin rai.

Malam, ka ce ai ƙaramin gari na Turawa zalla shi ne asalin Amurka. Wannan hoton yana da tarihi. A 1929 wasu masana ma'aurata, Robert da Helen Lynd, suka fitar da littafin Middletown a kan garin Muncie na jihar Indiana, a matsayin madubin ƙasa. Sai dai da gangan suka nemi gari mai ƙarancin baƙi 'yan ci-rani, kuma baƙaƙen fatar da ke garin ma ba su sa su cikin binciken ba. Tun a lokacin hoton bai cika ba, balle yau. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 331, kuma Turawan da ba 'yan asalin Latin Amurka ba ne kashi 58 kacal cikin ɗari, 'yan Latin kusan 19, baƙaƙe wajen 12, 'yan Asiya 6. Da masanin tattalin arziki Jed Kolko ya auna birane a 2016 ta fuskar launin fata da shekaru da ilimi, wanda ya fi kama da ƙasar baki ɗaya shi ne New Haven na jihar Connecticut, Tampa ta Filorida na biye. A jihohi kuma Illinois ce ta zo gaba, mai Shikago a kai da gonaki a ƙasa.

A nan ne zaɓina yake da rauni, kuma ba zan ɓoye muku ba. 'Yan Latin a Columbus ba su kai kashi goma ba, alhali a ƙasar kusan mutum ɗaya cikin biyar nasu ne. Sannan Ohio ba Kudu ba ce, kuma Kudu ce yankin da ya fi kowane yawan jama'a, can fiye da rabin baƙaƙen Amurka suke, can coci ya fi ƙarfi, can ake gasa nama a hayaƙi yini guda. Hukumar ƙidaya tana lissafa wurin da nauyin jama'ar ƙasar ya daidaita. A 1790 yana Maryland, bakin tekun gabas. A 2020 ya kai kusa da wani ɗan ƙauye, Hartville, a jihar Missouri, kuma shekarun nan kudu maso yamma yake gangarawa, don mutane na bin rana da arhar gidaje zuwa Teksas da Filorida da Arizona.

Shi ya sa, Yaya, in ka ce Houston, ba zan yi maka musu mai tsanani ba. Unguwannin bayan garinta irin waɗanda na kwatanta ne, mota da gareji da bashin shekara 30, sai dai maƙwabcinka na dama ɗan Meksiko ne, na hagu ɗan Biyetnam, na gaba kuma ɗan Nijeriya, don tana cikin garuruwan da mutanenmu suka fi yawa. A yau ina nan kan Columbus. In Allah ya kai mu bayan ƙidayar 2030 muka sake zama, ina jin Houston ko Tampa za ku ji daga bakina.