"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ne

A aikina na jinya na sha karɓar masu jego daga Mandera da ƙauyukan Bodinga da Shagari, zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa: ga haki, ga kumburin ƙafa. Duk wadda ka tambaya, "da sauƙi" za ta ce, don kara. Shi ya sa muke aunawa. Mukan shata layi mai mita 30, ta yi ta kai da kawowa na minti 6, ta huta in ta gaji, mu lissafa tazarar, mu duba bugun zuciyarta. Bayan makonni mu maimaita. In mitocin sun ƙaru, magani ya karɓe ta. 'Yar'uwa, mai wannan lalura kunun kanwa ba nata ba ne, kuma in hakin ya ƙaru, a garzaya asibiti.