Shigata ta farko wasan kara

Ga kaka ta zo, hatsi ya fara shiga rumbu. A wasu garuruwa samari sun soma shawarar wasan kara. Shi ya sa nake son in ba ku labarin yadda na fara shiga wannan wasa, saboda wanda bai taɓa shiga ba, yana so amma yana jin kunya.

Wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san wasan kara. Bayan an gama aikin gona, samari da ƴan mata sukan naɗa nasu sarki, da alƙali, da dogarai, da likita, da jandarmomi, har da perfe. Kayan aikinsu na kara ne. Bindiga ta kara, tabarau na kara, agogo na kara. Har mota akan ɗaura da kara, mutum ya shiga ciki yana tafiya da ƙafa, yana kukan inji da baki. A birnin Damagaram akan nemi wanda ya yi kama da wani babban mutum, a sa masa irin tufafinsa, ya yi irin tafiyarsa da maganarsa. Bayan 1974, da gwamnatin Seyni Kunce ta raya Samariya, wasan ya ƙara fitowa fili, har Inusa Usaini ya ɗauke shi a silima a 1980. A ƙasar Kano da Katsina akwai ɗan'uwansa, shi ne kalankuwa.

Ba ɗaya suke da wasan kwaikwayon da muke kallo a dandali ba. Can ƴan wasa suna gaba, jama'a suna zaune. A wasan kara na ƙauye, garin duka shi ne dandali. Ba a tsara wa kowa abin da zai faɗa. In dogarin wasa ya tare ka a hanyar rijiya, to ka shiga ke nan.

Kada ku ce mu kaɗai ke irin wannan. Ƙanena da ke karatu a Yamai ya nuna mani Turawa a wayarsa, manya da gemunsu, cikin daji, sun yi shigar sarakuna da mayaƙa, suna faɗa da takubban soso. Su larp suke ce wa nasu. Wata ƙungiya ta fara nata a Amurka a 1977, wata a Ingila a 1982. A Jamus dubban mutane ke taruwa kowace shekara, su kwana cikin tantuna saboda shi. A garin Hobro na ƙasar Danmak ma akwai makarantar da aka buɗe a 2006, wadda ke koyar da darasi ta wannan hanya. Su soso, mu kara.

Ni a birni na tashi, inda mutum ke iya tsayawa bakin hanya ya yi kallo ya koma gida. Ban taɓa shiga ba sai a 2019. A farkon shekarar aka tura ni wani ƙauye kudu da Mirriya in buɗe ajin yaƙi da jahilci. Mun fara da mutum 32. Kafin ruwa ya sauka sun koma 9. A takardar da na aika wa shugabannina na rubuta cewa cin rani ne ya kwashe su. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wasunsu ina ganinsu gindin bedi suna hira, lokacin da nake jiransu gaban tabulo.

Da kaka na koma don in rubuta sunayen masu shiga sabon aji. Kwana 3 ina yawo da kaye, suna 4 na samu. Na tarar ana shirin wasan kara, sai na ce a raina bari in shiga, ko jama'a su saki jiki da ni. Na je wurin sarkin samari, na ce ya ba ni perfe. Ai ina jin Faransanci, ina kuma da kwat.

Ya yi murmushi ya ce: «Mushe, perfenmu shekararsa 4 a kan kujera. Shi ma da riƙon jakar likita ya fara. Bana mun ƙara lakkol a wasan. Ɗalibi za ka zama.»

Na ce to wa zai zama mushe? Ya ce tela. Gabana ya faɗi. Telan nan sa'ana ne, shi ne kuma na farkon da ya bar ajina, bayan mako 3.

Ya zaunar da ni ya gaya mani dokokin garin, don kowane gari da nasa. Daga gangar safe zuwa gangar la'asar ba a kiran kowa da sunansa na gaskiya. Wanda ya fita daga rigarsa ya biya tara dala 20, a tara kuɗin don abincin ranar ƙarshe. Ba dukan gaske. Ba ambaton iyayen mutum ko asirin gidansa. In an kira salla, wasa ya tsaya. Wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa, ya cire hularsa ya ɗaga sama, ba mai taɓa shi. Sabon shiga, ka tambayi wannan doka ta ƙarshe tun kafin a buga ganga. Turawan nan ma suna da kalmar da in an faɗa, kowa ya tsaya.

Da dare mai masaukina, wata dattijuwa da nake kira Iya, ta fiddo mani tsohuwar taguwa da malfa. Jikanta ya fere mani alƙalami na sillen kara. Ta ce: «Ɗana, gobe kai wane ne?» Na ce ɗalibi. Ta ce: «Wane ɗalibi? Me yake ci da shi? Me ya kai shi lakkol da girmansa?» Ban da amsa. Nan muka zauna muka haɗa shi. Sunansa Mai Kaji. Kasuwa-kasuwa yake bi da kaji. Ɗansa yana Agadas yana aiko da takarda, shi kuwa ya gaji da kai wa mutane su karanta masa sirrinsa. Abu 3 ke nan: suna, da sana'a, da abin da mutum yake nema. Daga baya na gane sun isa.

Ranar farko ban yi abin kirki ba. Na fito ina waige-waige, ina duban mai kallona. Wani yaro da ban fi sanin shi da kiwon awaki ba ya tare ni da bindigar kara, ya ce in nuna takardar haraji. Na ce: «Kai, bar wasa.» Tara. Likita ya zo da allurar kara mai tsawon kamu guda, na ƙyalƙyace da dariya maimakon in ji tsoro. Tara. Muka shiga aji, rumfar zana ce a bakin kasuwa. Tela ya rubuta harafin «b» ya juya masa ciki baya. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce ba haka ake rubuta shi ba.

Jandarmomi suka kai ni gaban alƙali. Ya gyara tabaransa na kara, ya ce: «Mai Kaji, yaushe ka iya boko? In ka iya, me ya kawo ka cin wurin wani?» Aka sa ni kaso. Kason ma na kara ne, yaro na iya ture shi. Mu biyu ne a ciki, ni da wata akuya da aka kama tana cin motar perfe. Ranar dala 60 na biya.

Na koma gida ina cewa gobe ba ni fita. Iya ta aje mani fura, ta ce: «Yau Mushe ne ya yi yawo da taguwar Mai Kaji. Shi Mai Kaji bai zo ba.» Ba ta ƙara ba.

Kashegari na sa jikanta ya ɗaura mani kaji biyu na kara, na rataya su a kafaɗa. Na daina tunanin ko na yi kyau. Wanda ya yi mani magana, sai in tambayi kaina: Mai Kaji me zai ce? Dogari ya daka tsawa, na durƙusa. Likita ya fiddo allura, na ƙwala ihu tun ba ta taɓa ni ba, na ga yaron ya ji daɗi har kunnensa. Nan na gane sarautar dogari ba a bulalarsa take ba, tana wurin wanda ya yarda ya ji tsoronsa. In ka ƙi, ka ɓata masa wasa, ba naka kaɗai ba. In kuma magana ta ƙare maka, gaisuwa tana nan. Ka gaida mutum, ka tambayi gida, ka tambayi gajiya, kafin ku gama wata magana ta zo. Ko ka nemi wani abu wurinsa. Ni da matar perfe mun fi rabin awa muna cinikin kazar kara, har mutane suka taru suna sa baki.

Sai aka buga gwangwanin shiga aji.

Mako 3 kawai telan nan ya zauna gabana, amma bai bar kome ba. Ya shigo yana duban agogonsa na kara, kamar yadda nake yi in mutum ya makara. Ya naɗe hannun riga. Ya buga tabulo da sanda sau 2. Yana magana yana jefa «bon» da «alor» a tsakiyar Hausa. Ya tada wani, aka kasa amsa, sai ya riƙe ƙugu, ya karkata kai, ya ce: «Wannan ma? Yaro ɗan shekara 6 ya san wannan.»

Wuri ya ɗauki dariya. Ni ban san ina faɗin haka ba, sai da na ji shi a bakin wani. Na dubi masu dariyar. Waɗanda suka fi kowa yi su ne mutanen gindin bedi.

Ya ce: «Mai Kaji, taso.» Ya ɗauki allo, ya yi rubutu da gawayi, layi guda, ya miƙa mani. Ajami ne. Ni kuwa tun ina ƙarami aka fidda ni makarantar allo aka kai ni lakkol. Ina karatun salla, amma Hausa da ajami, da hannun mutum, ba ta karantuwa gare ni. Na gane baƙi biyu ko uku, na kasa haɗa su. Wannan ba wasa ba ne, kuma kowa ya gani. Mata sun yi layi jikin zana. Yara sun hau katanga. Gumi ya karyo mani. Tela ya riƙe ƙugu, ya karkata kai.

«Wannan ma?»

Hannuna ya kai ga malfa. In na cire ta na ɗaga, shi ke nan, doka ce, ba mai cewa kome. Amma na san in na yi haka, gara in tattara kayana, don ba wanda zai sake zama gabana ya yarda ya yi kuskure. Na bar malfa a kaina. Na ce: «Mushe, ka yi haƙuri. Kaji na sani, kan nan ya tsufa. Amma in ka sa aka yi mani dariya gaban matata da ƴaƴana, gobe ba ni zuwa.»

Ban shirya wannan magana ba. Ba kuma wanda ya taɓa gaya mani ita cikin mutum 23 da suka bar ajina. Wurin ya yi tsit. Tela ya tsaya da sanda a hannu. Yana da ikon ya ci gaba, jama'a kuwa za su bi shi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce: «To, zauna. Gobe ka zo da wuri, mu fara da baƙi ɗaya.» Ana cikin haka aka kira azahar.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka wasan kara kullum lafiya yake ƙarewa. A ranar ƙarshe wani dogari ya sami abokin takararsa wajen neman aure, ya zabga masa bulalar gaske. Sarkin samari ya karɓe bulalar nan take, ya fidda shi wasa, sai da dattawa suka shiga. Shi ya sa ba a ba sabon shiga sanda ko kujera. Ni ma da an ba ni perfe ranar da na nema, da umarni kawai zan ta bayarwa, abin da na saba ke nan.

In garinku ba a yin wasan kuna so ku fara, ba sai kun tara gari duka ba. Mutum 10 da yamma guda sun isa. Ku fara gaya wa mai gari da liman, ku sami mutum ɗaya da kowa ke jin maganarsa ya riƙe doka. Ƴan mata su bi ta hannun shugabarsu, da sanin iyayensu. Kara kuwa ga shi nan a gona.

Bayan an ci abincin tara, na je shagon tela da allon nan, na ce ya karanta mani. Ya karanta: «Mushe bai biya ɗinkin wando ba, dala 100.» Gaskiya ne, tun watan Maris. Na biya a wurin.

A watan Janairu na 2020 mun buɗe aji da mutum 17. Wasu ba su dawo ba har yau. Tela ya zo a mako na biyu, ya zauna can baya. Mun shirya da shi, duk harafin da na rubuta da boko, shi ya tashi ya rubuta ɗan'uwansa na ajami a gefen tabulo. Masu allo sun fi saurin ganewa ta haka, ni ma ina kwafa a kayena. Hali kuwa ba ya fita dare ɗaya. Wani lokaci in na gaji nakan ji «wannan ma» ta taho bakina. Kafin ta fito, sai in ji wani daga baya ya yi kyarkyarar kaza.